Wata Bakwai Ina Jiran Fatar Roba



Na san za ka yi mamakin abin da na zo maka da shi yau. Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa bakin ruwan Kwatano sai mota ta ci kilomita wajen dubu. To, mi ya haɗa Bahaushe da kayan nutso cikin teku? Ka yi mini haƙuri kaɗan. Dama haƙurin ne zancen namu.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Madarunfa, kudu da Maraɗi. Cikin tabkin Madarunfa na koyi iyo tun ina yaro, muna gardamar wa zai fi daɗewa ƙarƙashin ruwa. Da na tasa na koyi aikin bakanike a Maraɗi. Neman abinci ya kai ni Kwatano, daga can ya kai ni Marsey, babban birnin bakin teku na kudancin Faransa. Can na yi shekaru ina gyaran injin ƙananan jiragen ruwa. Abin da zan ba ka labari ya faru ne cikin 2016 da 2017.

Wanda ya fara ɗauka ta aiki a Marsey wani Bafaranshe ne mai garejin jirage. Sa'ad da ban san kowa ba, shi ya riƙe ni. Shi ne kuma ya koya mini nutso da tulun iska, ya shigar da ni ƙungiyar ƴan nutso ta unguwarmu. Ina ce mishi Baba, shina ce mini ɗana. A 2016 ya haura shekara tamanin, ƙarfi ya ƙare, ƙirji ya fara ba shi wahala. Ran nan ya kira ni gidanshi, ya jawo wani tsohon akwatin katako daga ƙarƙashin gado, ya ce: "Ɗana, buɗe."

Na buɗe. Na ga wani gwangwanin ƙarfe mai ƙyalli, faɗinshi kamar faifan rufe ƙwarya ƙarami, da tiyo biyu na roba sun fito daga jikinshi sun haɗu wurin abin sa wa baki. A jikinshi an rubuta Mistral. Baba ya ce da shi ya fara shiga teku shina saurayi, da kuɗɗin aikinshi na farko ya saye shi. Ya ce: "Na ba ka. Abu guda nike roƙo. In ka iya, ka tashe shi. Ina son in ji shi shina numfashi kafin ni in bar yi."

Bari in gaya maka ko mine ne wanga abu, don ka gane nauyin alkawarin da na ɗauka.

A da, mai nutso sai ya sa ƙatuwar hular ƙarfe da takalman darma, mutane na bisa jirgi suna tura mishi iska ta dogon tiyo. Shina ɗaure kamar akuya a turke. Cikin yaƙin duniya na biyu man fetur ya yi wuya a Faransa. Wani injiniya na kamfanin Air Liquide, Emil Ganyan, ya ƙera wata ƴar na'ura don motoci su yi tafiya da gas. Wani hafsan sojan ruwa, Jak Kusto, ya ga abin, sunka haɗa kai sunka mai da ita ta numfashin mutum. Sun fara gwada ta cikin kogin Marn kusa da Paris a watan Janairu na 1943. Ba ta yi daidai ba, sunka koma sunka gyara. A watan Yuni na wannan shekara Kusto da abokanshi sunka shiga teku da ita a Bandol, wani gari da ke tsakanin Marsey da Tulon. Da ita mutum ya samu ya yi yawo ƙarƙashin ruwa da iskarshi a bayanshi, ba igiya ba turke. A 1946 anka kafa kamfanin La Spirotechnique don a ƙera ta a sayar. A 1955 kamfanin ya fito da irin wadda Baba ya ba ni, anka sa mata suna Mistral. Sunan wata iska ce mai sanyi da ƙarfi da ke busowa daga arewa ta faɗa bisa Marsey, kamar yadda hunturu ke yi muna. Ka riƙe sunan iskar nan, za mu sake gamuwa da ita.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Cikin tulun da mai nutso ke goyo, an danna iska har ta kai ninki 200 na nauyin wadda muke shaƙa. Tulu mai cin lita 12 sai ya ɗauki lita 2400. In ka buɗe ta kai tsaye cikin bakinka, ta halaka ka. Ga kuma ruwa da nashi nauyi: in ka sauka mita 10, abin da ke danne ƙirjinka ya ninka na bisa tudu sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Aikin gwangwanin nan shi ne shi ba ka iska daidai da nauyin ruwan da kake ciki, kuma sai sa'ad da ka ja numfashi.

Cikin gwangwanin akwai wata fatar roba da ta raba shi biyu, kamar fatar da anka ja bisa bakin ganga. Gefe guda ruwa ke taɓa ta, gefe guda iska. In ka ja numfashi, fatar ta lotsa ciki, ta danna wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya buɗe ƙofar iska. In ka tsaya, fatar ta koma, ƙofa ta rufe. Tiyon dama shi ke kawo maka iska. Na hagu shi ke ɗauke wadda ka fitar, shi kai ta bayan wuyanka, ta fita ta wata ƴar roba mai leɓe biyu da suke ce ma bakin agwagwa. Iska na fita ta cikinta, ruwa ba shi shiga. Shi ya sa masu ɗaukar hoton kifi ke son irin wagga na'ura har yau: kumfa na fita ta baya, ba ta rufe maka ido, ba ta korar kifi.

Ƙarfen na Baba lafiya lau shike, ko tsatsa babu. Amma roba ba ta da tsawon ran ƙarfe. Fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Bakin agwagwa ya narke ya manne. Tiyo duk ya tsattsage. Ga shi kuwa tun cikin shekarun 1960 da 1970 na'ura mai tiyo guda ta ture mai tiyo biyu daga kasuwa, kuma masana'anta ta daɗe da barin ƙera kayan gyaran tsohuwar. Ba kantin da za ka shiga ka ce a ba ka.

To, ina ake samu? Akwai mutane ƙalilan a duniya da ke son tsofaffin kayan nan, kamar yadda wani ke son tsohuwar mota. Cikinsu akwai ƴan kaɗan da sunka ɗau wahalar sassaƙa mazubi, suna zuba sabbin fatu da bakin agwagwa da wata roba ta zamani da ake ce ma silikon, wadda ba ta saurin ruɓewa. Wanda ƙungiyarmu ke saye wurinshi wani dattijo ne a wata ƙasa ta ƙetare. Ya bar aiki, shina yi shi kaɗai cikin ɗakin bayan gidanshi. Ba ya da yaro, ba ya da magatakarda. Ba shi kunna wuta don fata guda. Sai buƙata ta taru shi zuba da yawa gaba ɗaya. Ribar da shike samu ba ta taka kara ta karya ba.

Saboda haka ƙungiyarmu da waɗansu ƙungiyoyi na gefen teku sunka haɗa saye wuri guda, kamar adashe. Sakatarenmu na da littafi. Kowa ya zo, a rubuta sunanshi da abin da shike so, shi ajiye kuɗɗinshi, a ba shi lamba. In kaya sun zo, a raba bisa lamba. Kuma akwai ka'idoji uku da kowa ya sani, ko da ba a rubuta su ba. Sakatare kaɗai ke magana da mai ƙira. Ba mai ɗaukar fiye da buƙatarshi don shi ɓoye ko shi sayar. Ba mai tsallake na gabanshi sai da yardar na gaban.

Na rubuta sunana a watan Oktoba na 2016. Lambata 17. Anka ce wata uku.

Wata uku ya cika, shiru. Na tambayi sakatare, ya ce mai ƙira ya ce a ƙara haƙuri. Wata na huɗu ya shiga, anka kwantar da Baba asibiti kwana goma. Duk ranar da na je gaishe shi, ba shi tambaya ta da baki, amma idonshi na tambaya. Ni kuwa ban gaya ma kowa cikin ƙungiya alkawarin da ke tsakaninmu ba. Na ga kamar sirrin gida ne, kuma girman kai ya hana ni roƙo. Ka lura da wannan, ya kai mai karatu, don nan ne kuskurena na farko.

Kuskure na biyu, na nemo lambar wayar mai ƙira ta bayan fage. Na kira shi. Ya amsa da ladabi, ya ce aiki na tafiya. Bayan mako guda na sake kira. Bayan kwana uku na sake. Ran nan na kira shi da dare, ya ce mini cikin sanyin murya: "Malam, duk mintin da nike magana da kai, hannuna ba shi bisa aikinka." Ya ajiye waya. Maimakon in ji kunya, sai na ji haushi.

Kuskure na uku shi ya fi muni. Ranar taron wata na ƙungiya, gaban mutum wajen talatin, na miƙe na ce dattijon nan ya ci kuɗɗinmu. Na ce ko dai ɓarawo ne, ko malalaci. Na ce ni bakanike ne, abin da ba shi wuce tafin hannu biyu ba zai ɗauke ni wata biyar ba. Ɗaki ya yi tsit. Ba wanda ya tanka mini. Sakatare ya dube ni, ya rufe littafinshi, ya ce a wuce ga magana ta gaba. Wallahi da zagi na sunka yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida, zuciya ta ce: ai ka faɗa, sai ka cika. Mu mutanen gareji mun saba da dabara. A Maraɗi na ga an yanka robar cikin taya an tashi famfo da ita, an tashi injin niƙa, an ɗaure abin da Bature ya ce ba shi ɗauruwa. Dabarar nan abin alfahari ce, ta ciyar da gidaje da yawa. Na samo robar cikin taya, na auna tsohuwar fata, na yanka, na liƙa ƙarfen tsakiya, na ɗaure. Na yi bakin agwagwa da robar keke. Na naɗe tsagar tiyo. Na haɗa da tulu, na ja numfashi. Iska ta zo. Da ɗan nauyi, amma ta zo. Na ce ashe abin banza ne anka tsare mu a kai.

Da damina ko da rani, ƙungiyarmu na da dare guda kowane mako a tabkin siminti na gari, inda ake koya ma sabbi. Wani dare cikin watan Maris na riga kowa shiga. Doka ta ce ba a nutso mutum guda, kuma ba a shiga da kayan da mai duba kaya bai gani ba. Na taka duka biyu. Na sauka wurin da ya fi zurfi, bai kai mita huɗu ba. Numfashi na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na juya kaina ƙasa don in ga yadda za ta yi. Da na ja na gaba, ba iska ta zo ba, ruwa ne. Gefen robar ya zame daga inda na ɗaure shi.

Kai da ka taɓa shaƙewa da ruwan randa, ka san yadda hankali ke gushewa. Na rufe maƙogwaro, na taka ƙasa da ƙarfi zan yi sama. Nan ne mutuwa take, ba cikin ruwan da na sha ba. Iskar da ka shaƙa daga tulu a ƙasa matsattsiya ce. In ka riƙe ta ka yi sama, tana kumbura cikin huhu yadda nauyin ruwa ke raguwa, har ta iya fasa shi. Ba sai teku mai zurfi ba, ƴan mitoci kaɗan sun isa. Na san wannan sarai, na sha koya ma yara shi. Amma tsoro ya shafe karatu.

Allah ya sa wata mata ƴar ƙungiyarmu, likitar haƙori ce, ta shigo ruwa bayana ba da sanina ba. Ta cafke ɗamarar tuluna, ta danne ni, ta buga mini ciki har na saki iskar, ta tura mini abin numfashinta a baki. Munka hau tare sannu sannu. Da munka fito na yi ta tari kamar raina zai fita. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki na'urar, ta buɗe, ta ga robar taya, ta dube ni, ta ce: "Don mi?"

Nan bakin tabki, ina rawar sanyi da kunya, na gaya mata zancen Baba. Ta yi shiru, can ta ce: "Wata biyar kana ɗauke da wannan kai kaɗai? To mu amfanin mi muke yi maka?"

Kashegari na tafi wurin Baba, na faɗa mishi duk abin da na yi, ban rage komi ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce: "Ɗana, mi na fara koya maka, sauka ko hawa?" Na ce hawa. Ya ce: "Faɗa mini."

Na faɗa mishi kamar ɗan lakwal gaban mushe. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa wani abu ne da ake ce ma azot. Ƙarƙashin ruwa nauyi na tura shi cikin jini da tsoka, shi narke ciki. In ka hau da gaggawa, sai shi taso da kumfa cikin jiki kamar kwalbar lemo da anka girgiza anka buɗe. Kumfar nan na iya shanye ma mutum ƙafafu, tana iya kashe shi. Don haka mai nutso ba shi wuce mita 10 zuwa 15 cikin minti guda wajen hawa. In ya kusa fita kuma sai shi tsaya, saura ƴan mitoci kaɗan, shi yi minti uku ko fiye shina rataye cikin ruwa. Shina ganin cikin jirgi bisa kanshi. Shina jin sanyi, shina jin fitsari, wani lokaci shina jin yunwa. Hannu kaɗai zai miƙa shi taɓa tsani. Amma ba shi hawa sai lokaci ya cika.

Baba ya ce: "To, ka gani. Duk wanda ya iya wannan tsayuwa ya iya nutso. Wanda bai iya ta ba, ko shekara nawa ya yi cikin ruwa, baƙo ne. Jiran fatar nan ma tsayuwa ce. Kai kana ganin ranka kake sauri dominshi, ko nawa. Ni ban ce ka tashe ta ka kwanta ba." Ya kama hannuna ya ce: "Mutumin da ke ƙera abin da za ka yi numfashi da shi, kada ka taɓa ce mishi yi sauri."

Bayan kwana kaɗan sakatare ya kira ni gefe, ya gaya mini abin da ya sani tun tuni. Ashe dattijon ya gama zubi tun cikin wata na uku, kamar yadda ya yi alkawari. Da ya gwada, ya tarar gefen fatun ya fi yadda ya kamata kauri da ɗan kaɗan, abin da ido ba shi gani. Da ya aiko su hakanan, da ba wanda zai gane sai cikin ruwa. Ya zubar da su duka, ya sake sassaƙa mazubi da kuɗɗin aljihunshi, bai ƙara muna ko dala ba. Wannan ne mutumin da na kira ɓarawo gaban jama'a. Gefen fata, wurin da ya tsaya wata da watanni shina gyara, nan ne daidai tawa ta zame.

Na tambayi sakatare don mi bai faɗa ba ranar taro. Ya ce dattijon ne ya roƙe shi kada a baza, don kada mutane su ji tsoron kayanshi. Ya ce: "Da ka zo ka tambaye ni ni da kai, da na gaya maka abin da zai kwantar maka da rai. Amma ka zaɓi ka yi shari'a gaban mutane, ba ka ji ta bakin kowa ba."

Abin da ya rage shi ne gyaran ɓarna. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na zauna na rubuta ma dattijon takarda da hannuna, na ba sakatare shi aika. Na faɗi abin da na ce a kanshi, ban ɓoye ba, na nemi gafara. A taron wata na gaba na miƙe wurin da na tsaya ranar farko, gaban mutanen da sunka ji zagin, na janye maganata. Inda ka ɓata mutum, nan ya kamata ka wanke shi. Zagi a kasuwa, ban haƙuri a ɗaka, wannan ba gyara ba ne.

Ranar ce kuma na gaya musu zancen Baba. Ban roƙi komi ba, bakina bai da wannan ƙarfi. Sai likitar nan ta ɗaga hannu. Ta ce lambarta 4, ta ba ni, ita ta koma 17. Sakatare ya tambayi waɗanda ke tsakani ko akwai mai ja. Ba wanda ya ja, tunda ba wanda ya matsa daga wurinshi. Anka rubuta cikin littafi, munka sa hannu mu biyu.

Sauyin nan ya yi rana. Cikin watan Mayu ƙunshi ya iso gidan waya, amma fata goma ce kaɗai ciki, saura sai daga baya. Da ina nan bisa 17, da ban samu ba. Cikin ƙunshin akwai ƴar takarda da sunana, layi biyu. Dattijon ya ce ya yafe, ya ce in gaida mai na'urar.

Wannan karon ban yi gaban kaina ba. Na kai ma mai duba kayan ƙungiya, munka haɗa tare, munka gwada bisa tebur, munka gwada cikin tabki mutum biyu na gefena. Kwana huɗu abin ya ci. Rana ta biyar na goya ƙaramin tulu na hau benen Baba. Na buɗe iska, na miƙa mishi. Ya sa a baki da hannu mai rawa, ya ja. Gwangwanin ya yi ƴar ƙara tasa, irin ta mai barci. Ya ja sau uku, ya rufe ido. Da ya cire ya ce: "Muryarta ba ta sake ba."

Munka shirya in shiga teku da ita ranar Lahadi, a ɗauko hoto a kawo mishi. Sai iskar Mistral ta taso. Teku ya yi fari fat, ƙananan jirage sunka kwana a ɗaure. Ta lafa, ta sake tasowa. Da can, da na nemi mai jirgin da zai fita da ni ko ta halin ƙaƙa. Wannan karon na zauna. Muna cikin azumin 2017, a watan Yuni, rai ya yi halinshi. Bai ga hoton ba.

Kada ka ce haƙuri ya biya ni duka, don bai biya ba. Wanda ya ce maka mai haƙuri ba shi rasa komi, bai gaya maka gaskiya ba. Na rasa hoton nan, kuma har yau in na tuna sai in ji wani abu a ƙirji. Amma ka auna da kanka. Gaggawa saura kaɗan ta sa Baba shi ji labarin gawata shina kwance. Haƙuri da alherin mutane sun sa ya ji muryar da ya roƙa. Bayan salla munka tafi Bandol, mu shida, har da likitar. Na shiga da Mistral ɗin Baba cikin ruwan da anka fara wanga al'amari a 1943. Wajen hawa, da na zo wurin tsayuwa, na ƙara minti biyu bisa ukun da anka saba.

To, ɗan'uwa, na san ba ka da tulun iska, kuma watakila ba za ka taɓa ganin teku ba. Amma kana da famfon gari da ya lalace, ana jiran kayan gyaranshi daga birni. Kana da injin ban ruwa wurin bakanike. Kana da garma wurin maƙeri, ga damina ta matso. Kana da adashe, kana da layin bido a bakin famfo. Ko'ina ɗan Adam na jiran hannun ɗan'uwanshi. Ga abin da wata bakwai ya koya mini, in zai yi maka amfani.

Na farko, in jama'a sun naɗa mutum guda shi yi magana da mai aiki, a bar shi shi yi. Mutum ashirin in kowa ya je tambaya, mai aiki ya zama mai amsa tambaya.

Na biyu, jinkiri ba shaidar cuta ba ne. Akwai macuta, gaskiya ne, kuma tambayar inda kuɗɗinka ya kwana hakkinka ne. Amma ka tambaya a keɓe, da ladabi, ka ji dalili tukuna. Sau da yawa wanda ya daɗe, gyara shike yi.

Na uku, in kana da larura ta gaske, ka faɗe ta. Kada ka tsallake layi, kada kuma ka haɗiye damuwarka har ta zama dafi. Layi na mutane ne, mutane kuwa suna da tausayi. Abin da na nema da ƙarfi ban samu ba, da baki guda anka ba ni.

Na huɗu, dabara na da iyaka. Robar taya ta tashi injin niƙa, madalla, in ta tsinke gari ne ya zube. Amma igiyar da mai haƙar rijiya zai sauka da ita, da birkin motar da za ta ɗauki mutane, da abin da rai ke rataye gare shi, ba a yi musu ɗaurin talala. A jira na ƙwarai.

Na biyar, in layi ya zo kanka, ka ɗauki abin da kake buƙata, ka bar saura ma na baya. In kuwa kai ne mai lamba 4 wata rana, ka waiwaya ka dubi mai lamba 17.

Na'urar tana nan wurina, cikin akwatinta na katako. Robar tayar nan ma ban yar ba. Na ajiye ta ciki, gefen takardar dattijon, don in zuciya ta sake ce mini yi sauri, in buɗe in duba.

Allah shi ba mu haƙuri da juna, shi sa albarka ga hannun masu sana'a, shi kai mu damina lafiya. Amin.

Haza wassalam.